Tozo da Tsando: Ire-iren Dabbobin Gida a Bagudo da Iyakar Benin, da Hanyoyin Adana Su



GABATARWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san dillali ba ya cewa "saniya" kurum ya yi shiru. Sai ya ce Bokolo ce, ko Bunaji, ko Rahaji, ko kuwa ruwa biyu ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana ɗauke da farashi, sa'an nan yana ɗauke da labari, watau inda dabbar ta fito, da abin da take iya jurewa, da abin da ke kashe ta. Wannan lacca za ta bi sawun waɗannan sunaye zuwa wani lungu na ƙasar nan inda ire-iren dabbobi suka daɗe suna cuɗanya, watau ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi, da makwabtanta na cikin Jamhuriyar Benin.

Abin da laccar ke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Irin dabba ba daga sama ya faɗo ba. Aikin makiyaya ne na ɗaruruwan shekaru, kuma yana rayuwa ne bisa abubuwa uku: dabbar kanta, da hanyar da take bi, da sanin da ke cikin kan mai ita. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, sauran biyun ba su daɗewa. Saboda haka duk wani shiri na adana iri da ya kula da dabba ya manta da burtali da makiyayi, to, an yi ba a yi ba ke nan.

ƘASAR DA AKE MAGANA A KANTA

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, a yammacin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato cikin 1991. Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma a wannan yanki ne Gulbin Kabi ke zuba ruwansa cikin Kwara. Garuruwanta sun haɗa da Bagudo, da Zagga, da Ka'oje, da Illo, da Lolo, da Tsamiya. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana da Kandi a cikin Benin, daga Lolo kuma ta nufi Malanville, garin da ke fuskantar Gaya ta ƙasar Nijar a ƙetaren kogi. Mazauna wurin akwai Hausawa, da Fulani, da Busawa, da Kyangawa, da Dandawa, da Zabarmawa.

Iyakar da ke nan a yau ba tsohuwa ba ce. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyar da suka ƙulla cikin 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Kafin wannan lokaci Illo mashiga ce ta fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da jakunansu. Ɗan Adam ya koyi girmama wannan layi, amma saniya ba ta san da zamansa ba.

Akwai kuma wata iyaka ta biyu wadda ta girmi ta Turawa, ita ce kuma ta fi shafar wannan lacca. Daga arewa, wajen Sakkwato da Dosso, ƙasa buɗaɗɗiya ce mai ƙarancin ruwan sama. Daga kudu, wajen Bargu, daji ya fi duhu, ruwa ya fi yawa, kuma can ne gidan ƙudan tsando mai sa wa dabbobi cutar sammore. Bagudo tana kusa da inda waɗannan ƙasashe biyu suka yi karo. Dabbar arewa tana jure ƙishirwa da doguwar tafiya, amma sammore na kayar da ita. Dabbar kudu tana jure sammore, amma ƙarama ce, nononta kaɗan ne. Tarihin kiwo a wannan yanki duka ƙoƙari ne na sasanta waɗannan biyu.

ABIN DA SUNAYE KE FAƊA

Mai nazarin harshe yana da abin cewa a nan, domin sunayen dabbobi kundin tarihi ne da ba a rubuta ba.

A ɗauki shanu tukuna. Bokolo, wadda masana ke kira Gudali ta Sakkwato, saniya ce mai kauri, mai gajeren ƙaho ko ma babu, mai fatar wuya mai reto, mai sanyin hali da kyan nono. Ita ce manomi ke so don huɗa da turka. Bunaji ko Yakanaji fara ce mai baƙin kunne da baƙin hanci, kuma a cikin shanu masu tozo ana shaidar ta da jure cuta. Rahaji ja ce mai dogon ƙaho, mai tafiyar nesa, ba ta yarda da kowa sai mai ita. Azawak kuwa sunan kwarin da ta fito ne a ƙasar Buzaye, tsakanin Nijar da Mali. Wannan ɗafa-ƙeya ta "-ji" da ke ƙarshen Bunaji da Rahaji da Bokoloji ta Fulatanci ce, alamar jam'i; Bahaushe ya ari kalmomin ne tare da shanun, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wanda ya yi aikin zaɓen iri.

Amma akwai suna guda da duniyar ilmi ta ara daga Hausa, shi ne "muturu", watau ƙaramar saniya marar tozo. Samuwar wannan kalma a bakin Bahaushe shaida ce cewa ya san dabbar, ko da yake a yau sai an gangara kudu kafin a gan ta. Binciken masana ya gaskata abin da kalmar ke nunawa: shanu marasa tozo su ne suka fara zama a Afirka, tun dubban shekaru. Masu tozo asalinsu ƙasar Indiya ne, sun shigo ta gabashin Afirka, kuma babbar cuɗanyarsu da na gida ta auku ne kimanin shekara dubu da ta wuce. Saboda haka saniyar da ake gani yau kamar baƙuwa, ita ce 'yar gida ta asali.

A wajen tumaki kuwa, "'yanƙasa" ba ya bukatar fassara. Sunan da kansa ya ce na gida ne. Uda, mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari, sunan dangin Fulanin da ke kiwon ta ne, watau Udawa. Balami shi ne babban farin rago da ake tinƙaho da shi ranar layya. Can kudu kuma akwai gajerun tumaki da gajerun awaki masu zama lafiya cikin ƙasar tsando.

Jar akuya ta Sakkwato, wadda mutanen Nijar ke kira akuyar Maraɗi, ta fi kowace suna a waje. Fatarta ce majema ke jemewa da bagaruwa, fatake su ƙetare Sahara da ita, Turawa su saya a tashoshin arewacin Afirka su sa mata suna fatar Maroko, alhali kuwa daga ƙasar Hausa ta fito. Har jaki bai rasa nasa sunaye ba: akwai auraki, da duni, da fari, da idabari. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai tarar da kalmomi masu yawa na launin dawaki da siffofin dabbobi waɗanda ɗalibin jami'a na yau bai taɓa ji ba. Sa'ad da kalma ta faɗi daga baki, bambancin da take nunawa ya faɗi daga ido ke nan. Abin da ido bai rarrabe ba kuwa, hannu ba ya adana shi.

KETEKU, ƊAN TSAKANI

Saniyar da ta fi dacewa a kira ta ta wannan iyaka ita ce Keteku, wadda a Benin ake kira da sunan ƙasar Bargu. Ta samu ne daga haɗuwar shanun Fulani masu tozo, musamman Bunaji, da ƙananan shanu marasa tozo na kudu. Ta fi muturu girma da nono, ta fi Bunaji jure sammore. Tozonta ƙarami ne, wani lokaci da ƙyar ake ganinsa. Yawanci fara ce ko toka-toka, da baƙi a kunne da hanci.

Ya kamata a fahimci yadda wannan juriya take. Ba wai tsando ba ya cizon ta ba ne, ba kuma wai ƙwayar cutar ba ta shiga jininta ba. Abin da jikinta ke yi shi ne ya hana ƙwayar yawaita, ya kuma hana jini ƙarewa, saboda haka sai ta ci gaba da kiwo da haihuwa a inda Rahaji za ta rame ta faɗi. Wannan baiwa gado ce daga ɓangaren marasa tozo. Ba a sayen ta a kantin magani.

Keteku tana koyar da darasi babba ga masu ɗokin "tsarkin iri". Ita kanta ruwa biyu ce. Da makiyayan Bargu sun ƙi haɗa iri, da ba a same ta ba. Ashe ke nan haɗa iri ba shi ne laifi ba. Laifin shi ne haɗawa ta fuska ɗaya kullum, ba tare da lissafi ba, har ɗayan ɓangaren ya nutse.

Ga yadda lissafin yake. A ce ga saniya wadda rabin gadonta na marasa tozo ne. In aka ba ta bijimi mai tozo tsantsa, 'yarta za ta ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu. In ita ma aka yi mata haka, jikanya za ta ɗauki ɗaya cikin takwas, tattaɓa-kunne ɗaya cikin goma sha shida. Tsakanin uwa da 'ya a shanun makiyaya shekara biyar ne ko shida. Watau cikin ƙasa da shekara ashirin, a hannun mutum ɗaya, ba tare da an yanka saniya ko guda ba, garke zai iya rasa gadon da aka yi ƙarnuka ana tarawa. Masu bincike a Benin sun nuna cewa wannan hanya ce shanun Bargu ke bi, jinin masu tozo yana ta rinjaya a cikinsu, kamar yadda yake rinjayar shanun Somba na duwatsun Atakora.

Makiyayin da ke yin haka ba wawa ba ne. Mahauci na sayen nauyi, manomi na son babban sa na huɗa, uwargida na son ƙwarya ta cika. An sare daji an yi gonakin auduga da masara da shinkafa, tsando ya ragu a wurare da dama, ga kuma allura a kasuwa. Amma magungunan sammore da aka dogara da su, irin su Berenil da Samorin, sun haura shekara hamsin ana amfani da su, kuma an tabbatar ƙwayar cutar ta fara gagarar su a ƙasashen Afirka da yawa. Ranar da allura ta daina ci, za a nemi saniyar da ba ta bukatar ta. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

ME AKE NUFI DA BAMBANCIN GADO

Kowace dabba tana ɗauke da ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Su ne ke yanke launi, da girma, da yawan nono, da jure zafi, da jure cuta. Bambancin gado kuwa shi ne yawan sigogin waɗannan ƙwayoyi a cikin garke, ko a cikin iri, ko a cikin ƙasa baki ɗaya. Manomin da ya shuka gero da dawa da wake da maiwa a shekara guda ya san wannan hikima. In fari ya ci ɗaya, ɗaya zai tsira.

Yawan kai ba shi ne yawan gado ba. Masana suna da lissafi a kan wannan, kuma sakamakonsa abin mamaki ne: garken da ke da shanu mata 100 da bijimi 1, a wajen gado tamkar dabbobi 4 ne kacal, domin dukan maruƙa uba ɗaya gare su. Amma mata 25 da maza 25 suna daidai da 50, wanda shi ne mafi ƙarancin adadin da ake so domin iri ya tsira daga lalacewar auren dangi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, a rahotonta na 2007, ta ɗauki irin da matansa masu haihuwa ba su wuce 1,000 ba, ko mazansa ba su wuce 20 ba, a matsayin wanda ke cikin haɗari.

Fulani ba su karanta wannan lissafi ba, amma al'adarsu ta tanadi maganinsa. Suna aron bijimi daga wani garke. Suna da al'adar habbanaye, inda mutum zai ba ɗan'uwansa aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Suna ba da saniya ranar suna da ranar aure. Binciken da Saverio Krätli ya yi a tsakanin Woɗaɓe na Nijar ya nuna cewa suna kiran shanu da sunan tsatson uwa, suna kuma riƙe da asalin kowace a ka har kakanni da dama, don kada a haɗa dangi na kusa. Daɗin daɗawa, tafiyar rani da ta damina tana haɗa garken Sakkwato da na Dandi da na Bargu a mashaya ɗaya. Waɗannan duka, a harshen masana, hanyoyi ne na yaɗa gado.

ABUBUWAN DA KE BARAZANA

Na farko shi ne annoba da fari. Cutar bushiya ta share mafi yawan shanun wannan yanki a farkon shekarun 1890, ta sake ɓarkewa a Nijeriya cikin 1983, kafin a yi shelar kawar da ita daga duniya cikin 2011. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 ya kora makiyaya da yawa daga arewa zuwa Bargu da bijimansu masu tozo, kuma wannan ya ƙara saurin nutsewar shanun kudu. Bayan kowace masifa mutum yakan sake gina garke ne da abin da ya samu, ba da abin da ya zaɓa ba.

Na biyu shi ne toshewar hanya. Dokar hurumin kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin keɓe wa dabbobi wuri, amma gonaki sun ci burtali da mashaya a wurare da yawa, noman rani kuma ya shiga fadamar Kwara inda shanu ke cin ciyawar burgu in ruwa ya janye. Ƙungiyar ECOWAS ta amince cikin 1998 cewa makiyayi na iya ƙetare iyaka da takardar shaida. Duk da haka Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Benin kuma ta fitar da dokar hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019. Kowace gwamnati tana da hujjarta, kuma kukan manomin da aka cinye wa gona kuka ne na gaskiya. Amma ya kamata a san farashin abin. Rahaji an gina ta ne don tafiya. In aka ɗaure ta wuri ɗaya, mai ita zai sayar ya sayi wadda ta iya zama. Satar shanu da ta'adin 'yan bindiga su ma suna watsa garken da aka yi shekaru ana zaɓe cikin dare ɗaya.

Na uku shi ne ɗokin irin waje. An daɗe ana gwada haɗa Bunaji da shanun Firisiya a Shika da Vom, Benin kuma ta shigo da shanun nono daga Barazil. Ba a musun cewa 'ya'yan farko suna ba da nono mai yawa in an wadata su da abinci da ruwa da inuwa da likita. Amma a rugar da ke bayan Ka'oje a watan Afrilu, ina waɗannan? Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya sami kazar Hausa a birane, inda kazar gidan gona ta mamaye kasuwa, ya isa ishara.

Na huɗu, wanda ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye, shi ne rashin sani. Jangali kai yake ƙirgawa, bai damu da iri ba, kuma littattafan ofis sun gaji wannan hali. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi cikin 1990, ta sama da ta ƙasa, ta sami shanu kimanin miliyan 13.9, da awaki miliyan 34.5, da tumaki miliyan 22.1. Ta kuma yi abin yabo, ta rarrabe iri: Bunaji wajen kashi 37 cikin ɗari, Bokolo wajen 32, Rahaji 22. Muturu da Keteku kuwa tun a lokacin 'yan kaɗan ne ƙwarai. An shekara fiye da talatin da wannan aiki, ƙasa ta sauya, daji ya sauya, kuma lalle ne a sake irinsa.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Wannan matsala ba ta Bagudo ce kaɗai ba. Rahoton FAO na 2007 ya lissafa ire-iren dabbobin gida fiye da 7,600 a duniya, ya ce kashi 20 cikin ɗari suna cikin haɗari, kuma 62 sun ɓace cikin shekara shida, watau kusan iri guda kowane wata. A watan Satumba na wannan shekara ƙasashe 109 suka taru a Interlaken ta ƙasar Suwizalan suka amince da shirin duniya na adana gadon dabbobi. Rahoto na biyu, na 2015, ya nuna cewa fiye da rabin ire-iren ba a ma san halin da suke ciki ba, saboda ba a ƙirga su.

Masu arziki ma ba su tsira ba. A Amurka an gano cewa kusan dukan bijiman Holstein da ake amfani da su suna komawa ne ga bijimai biyu da aka haifa a shekarun 1960. Miliyoyin shanu, amma tsatson uba biyu. A Kenya kuma an yi ta haɗa jar tunkiyar Masai da irin Dorper na Afirka ta Kudu saboda nama, sai da fari ya zo, tsutsar ciki ta gagari magani, sa'an nan aka koma neman tsantsar jar tunkiyar ana samun ta da ƙyar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Makwabta na kusa suna da abin koyi. Nijar ta daɗe tana zaɓen Azawak a tashar Tukunus tun shekarun 1950, tana kuma da cibiyar jar akuya a Maraɗi tun shekarun 1960, wadda ke raba wa ƙauyuka bunsuraye na ƙwarai. Benin tana riƙe da garken shanun Bargu a gonar gwamnati ta Okpara kusa da Paraku. A Gogunu kuma, cikin lardin Alibori, makiyaya da kansu suke tafiyar da kasuwar shanu, suna rubuta kowane ciniki. Kasuwar da ta iya rubuta farashi, ta iya rubuta iri.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Hanyoyin adana iri biyu ne. Akwai ajiye maniyyi da ƙwai cikin sanyi mai tsanani a ɗakin bincike, akwai kuma barin dabba a hannun masu ita tana ci gaba da rayuwa a ƙasarta. Ta farko tana da amfani a matsayin rumbun ko-ta-kwana, kuma ƙasar nan tana da cibiyoyin da za su iya ɗaukar ta: Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, wadda ta faro daga gonar gwaji ta 1928, da cibiyar adana gadon tsirrai da dabbobi ta Ibadan, ga kuma Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya da aka kafa cikin 2024. Amma kwalba ba ta adana sanin makiyayi, ba ta kuma koya wa maraƙi hanyar mashaya. Saboda haka ta biyu ita ce uwa. Ga shawarwari biyar.

Na ɗaya, a ƙirga. Jami'an dabbobi da ke zagayen allurar rigakafi su ƙara layi ɗaya a takardarsu, watau irin dabba, da sunan da mai ita ya faɗa. Wannan ba ya bukatar sabon kasafi.

Na biyu, a tattara kalmomi. Ɗaliban Hausa da na Fulatanci su haɗa kai da ɗaliban likitan dabbobi na jami'ar Sakkwato, su shiga Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje, su rubuta sunayen iri, da na launi, da na ƙaho, da na cuta, cikin Hausa da Fulatanci da Busanci da Dandanci, tun tsofaffin da suka san su suna raye. Wanda ya san jini bai san suna ba, da wanda ya san suna bai san jini ba, kowannensu rabin malami ne.

Na uku, a nemo garkunan Keteku da suka rage a ɓangarorin biyu na iyaka, a taimaki masu su da rigakafi da ruwa, a kuma kafa musayar bijimai tsakaninsu da Okpara. Bijimi shi ne rabin garke. Wanda ya riƙe bijimi ya riƙe iri.

Na huɗu, a kare burtali da mashaya da doka, a shata su da alama, a kuma zaunar da manoma da makiyaya da hakimai na ƙasashen biyu su tsayar da lokacin shiga da fita. Hanyar da aka tsara ta fi hanyar da aka toshe, domin wadda aka toshe ta cikin gona take ɓullowa.

Na biyar, kada a raba irin waje sai ga wanda ya iya ciyar da shi, kuma a rubuta inda kowane ya shiga. A sa kasuwa ta biya ladan na gida: jar fata ta sami farashinta na jar fata, ba a jibge ta tare da kowace ba. Makiyayi ba mai gadin gidan tarihi ba ne. Zai riƙe irin da ke ciyar da iyalinsa ne kawai.

KAMMALAWA

An ga cewa ƙasar Bagudo tana tsakanin iyakoki biyu, ta Turawa da ta tsando, kuma dabbobinta amsa ce da makiyaya suka bayar ga ta biyun tun kafin a shata ta farkon. An ga cewa Keteku tana iya ɓacewa a tsaye, ba yanka ba annoba, ta hanyar zaɓen bijimi kawai. An kuma ga cewa abin da ya ɓace ta wannan hanya ba ya dawowa, domin masana'anta tana ƙera magani, amma ba ta ƙera gado.

Ɗalibin da zai koma gida hutu yana iya fara aikin da tambaya ɗaya ga tsohon da ya fi kowa daɗewa da sanda a hannu: waɗanne shanu ne mahaifinka ya kiwata waɗanda ba ka gani yanzu? Ma'aikacin da zai koma ofis kuma yana iya fara shi da layi ɗaya a takardar rigakafi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Allah ya albarkaci dukiyar ƙasa, ya ba da damina mai albarka.